Muryar Kawu a Kasuwar Funtua

Mutane kan tambaye ni yadda aka yi na ƙare rayuwata ina nazarin maganar 'yan siyasa, yadda take shiga kan mutum ta juya masa tunani bai sani ba. Nakan ce sha'awa ce kawai. Rabin gaskiyar ke nan.

A siyasar farkon shekarun tamanin ina ƙaramin malami a jami'a, ina ji da kaina. Na rataya rikoda ina bin tarurrukan jam'iyyu daga Malumfashi har Bakori. Wata Juma'a na sauka Tsiga wurin kawuna, manomin auduga ne, bakinsa ba linzami. Na kunna rikoda na ce ya faɗa mini yadda yake jin masu neman ƙuri'a.

"Kai ɗan nan, ba ka lura ba? Duk wanda ya hau dandamali sai ya ce shi uba ne, mu 'ya'ya. To ɗa yana tambayar ubansa ina takin da aka aiko?" Ya zarce, ya ambaci shugaban jam'iyyar garin da gidan da buhunan takin suka shige.

Murna ta kama ni, na samu abin rubutawa.

Don kada kaset ɗin ya lalace, na kai shi shagon wani ɗan kudu a kasuwar Funtua ya kwafa mini. Na manta shaf cewa masu wannan sana'a ba sa miƙa kaset sai sun gwada shi a lasifikar ƙofar shago. Ranar kasuwa ce kuwa. Ina can ina duba takalmi na ji muryar Kawu ta cika layi, ga mutanen Tsiga tsaye da kaya a ka suna saurare. Na ruga da gudu, amma ina.

Daminar nan bai ga taki ba. Gonar aron da ya shekara ashirin yana nomawa aka karɓe ta. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

A kan maganarsa na gina kundin digirina na uku. Ranar da na kai masa labari na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Ka sa sunana a ciki?"

"A'a, Kawu. Ƙa'idar aikinmu ce a ɓoye sunan mai magana, don kada a cutar da shi."



"Madalla," ya ce. "Ashe an koya maka."