Malamar da Ke Sa Ɗalibai Ƙirga Masu Ƙafa

Yael Dalyop a unguwar Kabong ta tashi, 'yar mai gyaran keke ce. Shekararta goma sha ɗaya tana koyar da tsara birane a jami'a, kuma duk wanda ya zauna a ajinta ya haddace jerinta: mai tafiya a ƙasa ne farko, sai mai keke, sai bas, motar gida ce ƙarshe.

Ɗalibai ba sa son jerin nan. Ka ce su zana maganin cunkoso, gadar sama za su zana maka. Da ta gaji da bin zanensu da jan biro, sai wata Talata ta kwashe su arba'in zuwa Titin Bauchi. Ta ce yau mutane za a ƙirga, ba motoci ba.

Abdulfatah, ɗalibin da ya fi kowa iya zane, ya riƙe ƙugu. "Malama, ogan da zai ɗauke mu aiki a mota yake yawo. Wa zai saurare mu?"

"Ƙirga tukuna," in ji ta.

Kafin awa ta cika, layin masu ƙafa ya cinye masa shafi uku, na masu mota ko ɗaya bai cika ba. Ya ga wata mai kabeji, kaya a ka, tana tsaye bakin titi, kwata a bayanta, ta yi minti bakwai tana neman tsallakawa. Ya yi ta kallonta har ya manta bai rubuta ta ba.

Washegari shugaban sashe ya kira Yael, wai wani uba ya yi ƙorafi an shanya masa 'ya a rana. Ba fita kuma sai da takardar neman izini. Ta rubuta, aka ce ta ƙara bayani kan lafiyar ɗalibai. Abin ya ɓata mata rai, amma ta ƙara. Kafin amsa ta zo, ta gayyato Isa, wani direban bas, ya tsaya gaban allo yana faɗa musu inda fasinja ke taruwa da inda ba wurin tsayawa. Sai zango na biyu aka sa wa takardar hannu.

Abdulfatah ya yi aikinsa na kammalawa a kan wuraren tsallaka titi. Yael ta kai kwafi wani ofishin masu kula da tituna da hannunta. Shiru. Ta sake kai wani kwafin.

Bana ɗalibanta sittin ne. Ta raba su uku, ta ce kashi ɗaya su hau motar haya har garin Vom, su dawo su gaya mata duk inda aka tsaya, da dalili.