Malama Mas'uda, Mai Mayar da Murya Ga Masu Ita

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ta Gusau ya san fitar Malama Mas'uda. Da hantsi za ka gan ta a bakin titi, jakar ƙyalle a kafaɗa, rikoda a ciki, tana yi wa ɗan acaba faɗan gudu tun kafin ta hau. Yau Bungudu, gobe Tsafe, jibi wani lungu na cikin gari. Aikinta raka masu binciken jami'a wurin jama'a: ta yi musu iso, ta yi tafinta, ta ɗauki hira. Da guminta aka rubuta takardu da yawa kan haƙƙin mutanen birni na raya al'adunsu, amma sunanta, in ya yi sa'a, sai can ƙasan shafin godiya. A wannan watan ta ajiye aiki, ni kuwa na ƙi yarda ta tafi shiru.

Tana da wata ɗabi'a da ta sha gajiyar da abokan aikinta. Duk hirar da ta ɗauka, sai ta koma ta kunna wa mai ita ya ji, ta tambaye shi abin da ya yarda a fitar da abin da yake so a bari. Dakta Rahila, wadda ta fi kowa daɗewa tana bincike tare da ita, ta gaya mini tana dariya cewa tafiya ɗaya a wurin Mas'uda biyu ce, kuma ba a taɓa cin ta da gardama a kan haka ba.

Ranar da aka gwada wannan ɗabi'a ita ce ranar maganar dandali. Akwai wani fili a bayan unguwarmu inda ake kokawa bayan kaka, 'yan mata su yi gaɗa, mata su yi kiɗan ƙwarya in ana biki, har mutanen Wonaka da Bungudu kan zo kallo. Wani kwamitin tsara gari ya aiko masu awon fili, suka zo da rana tsaka a cikin damina, suka tarar da awaki da ciyawa, suka rubuta cewa fili ne da ba a amfani da shi. Aka yanke a jera shaguna a kai. Da aka yi ta ƙorafi, kwamitin ya yarda ya saurari binciken Dakta Rahila kafin a fara gini.

Hujja mafi ƙarfi a hannunsu ita ce hirar Inna Hauwa'u, tsohuwar da ta yi zamani tana jagorantar kiɗan ƙwarya a filin kafin ta koma Tsafe wurin ɗanta. Sai dai lokacin da Mas'uda ta koma ta kunna mata hirar, Inna ta ce, "Ɗiyata, wagga magana tsakanina da ke ta. Kar ki kai muryata gaban maza a ofis."

Mutanen unguwa suka yi ta roƙon Mas'uda ta kunna ko kaɗan ne, wai ai tsohuwa tana Tsafe, ina za ta ji? Ta ce ba za a kare haƙƙin jama'a da tauye na mutum ɗaya ba. Wasu suka daina gaishe ta. Ta hau mota zuwa Tsafe, ta gaya wa Inna halin da ake ciki, ba ta roƙe ta ba, ta dai sake tambaya. Inna ta ce har yanzu ba ta yarda muryarta ta tafi ita kaɗai ba, amma tun da an daraja ta an tambaye ta, za ta raka muryar da kanta zuwa gaban kwamitin.

Waɗanda suka halarci zaman sun ce Inna ba ta yi doguwar magana ba. Ta dubi shugaban kwamitin, Alhaji Aminu, ta ce, "Kun zo gidan biki ranar da babu biki, kunka ce kango ne. Ku dawo bayan kaka, da la'asar." Suka ɗage ginin, suka dawo bayan kaka, suka rasa inda za su ajiye mota saboda cika. Shagunan suka koma gefen hanya, filin yana nan, jikokinmu na gaɗa a kai.

Malama, ke ce kika koya mana cewa maganar mutum amana ce ko bayan ta shiga rikoda. Ke ce kika yarda a ji haushinki a unguwarmu don kada tsohuwa ta ji kunya a inda ba ta nan. Ina alfahari da ke, kuma na faɗa a fili. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma matasan da ke yawo da waya kuna naɗar kowa ba sallama, ku dubi wannan baiwar Allah ku gyara.

Kafin in miƙa wannan rubutu na je na karanta mata, don na san halinta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce yabon ya yi yawa amma ta haƙura. Sannan ta ce, "Akwai sunan Inna a ciki. Ka je Tsafe tukuna."

Na je. Inna ta yarda.