Tsohon da Yake Tura Dutse a Kan Ƙanƙara

Kamfanin da ya ɗauke ni tuƙi a Doha ya haɗa ni da wani tsohon Bature. Aikina in ɗauko shi daga gidansa a Al Mirqab, in kai shi wani filin ƙanƙara da ke cikin wani katafaren kanti wajen Al Gharrafa, in jira, in mayar da shi. A waje rana tana gasa mutum, a ciki sai da rigar sanyi.

Ranar da na fara leƙawa, da ƙyar na danne dariya. Magidanta ne fa. Ɗaya ya durƙusa ya tura wani dutse mai mariƙi kamar na buta, biyu suna bin sa da buroshi suna goge ƙanƙarar gabansa kamar an ce baƙi na tafe. Tsohon yana can ƙarshen fili yana ta ihu. Shi ne kocinsu, wasan kuma kalin suke kiransa. Ni Baba nake ce masa. Da na gaya masa ma'anar, ya ce ya karɓa.

A mota na ji tarihinsa, guntu-guntu. Tun yana ƙarami yake wasan a kan tafkin garinsu idan ya daskare. Ya buga wa ƙasarsa, har ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe a wata babbar gasa, dutsensa ya zarce inda ake so ya tsaya da abin da bai kai tafin hannu ba, aka cinye su. Gwiwa ce ta tsayar da shi, ya koma koyarwa. Da matarsa ta rasu gida ya yi masa faɗi, shi ya sa da aka yi masa tayin Doha bai tsaya shawara da kowa ba.

Sai korona ta zo. Aka rufe kantin, aka rufe filin. Yawancin 'yan wasansa baƙi ne masu aikin ofis, wasu aikin ya ƙare suka koma ƙasashensu. Ni ma lokacin hutuna ya zo ya wuce babu jirgi. Matata ta haihu a Gusau, a waya na ga sunan, ina zaune a bakin gado a ɗakinmu na ma'aikata.

Cefane nake kai masa, in ajiye a bakin ƙofa in ja da baya. Wata rana da hantsi na tarar da ƙofar a buɗe. Yana tsakiyar falo da safa a ƙafa, ya dafa sandar goge ƙasa, yana zamewa a hankali a kan tayil, hannunsa a miƙe kamar ya saki wani abu.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. Idan na bari, jikin zai manta." Ya miƙe da ƙyar yana dafe da gwiwa. "Kai ne mutum na farko da na yi wa magana tun zuwanka na baya."

Daga ranar nakan tsaya a bakin ƙofar mu ɗan taɓa hira, kowa da takunkuminsa. Na nuna masa hoton jaririyar. Ya daɗe yana kallo.

Da aka buɗe filin, kaɗan ne suka dawo, wani lokacin ma ba wanda yake zuwa. Ran nan ya miƙo mini buroshi.

"Yalla, shigo."

"Baba, ni direba ne."

"Yau ba inda za mu."

Taku biyu na yi na zube. Amma na koya. Na gane gugar nan ita take sa dutsen ya ƙara tafiya, ya miƙe hanya. Shi ya tura, ni in goge, ba abin da ake ji sai gurnanin dutsen da numfashina.

Gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin duniya da aka yi a ƙasar ce ta raba mu. Gari ya cika, kamfani ya mayar da ni jigilar baƙi, shi kuma ya koma hawa tasi. 'Yan wasan da suka rage duk hankalinsu ya koma ƙwallo. Wata la'asar na kai baƙi kantin, na hango shi ta gilashi. Ya tura dutse, ya taka a hankali har ƙarshen fili, ya turo shi baya. Daga sama mutane suka ɓarke da ihu, an ci ƙwallo a babban allo. Bai ɗago ba. Baƙina suna kira, na wuce.

Bayan gasar ba a sabunta masa kwantiragi ba. Na roƙi a bar ni in kai shi filin jirgi, aka yarda. Na tambaye shi ko zai ci gaba da koyarwa idan ya koma ƙasarsu.

"Khalas, an gama," in ji shi. "Sai dai in je kallo."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce in je gida da zarar na samu hali, kada in bari yarinyar ta yi wayo ba ta san ni ba. Na tsaya har layi ya shige da shi, sannan na koma mota, don akwai wanda zan ɗauko a Nu'aija kafin magariba.