Kwanonin Malam Uwaisu

Kafin ya karya kumallo, Malam Uwaisu yakan zagaya bayan gidansa a Damba da buta a hannu, ya bi yankakkun jarkoki yana shayar da yaɗon dankali. Matarsa Saude ta daɗe tana cewa da ita ganye ce da ta fi samun kulawa. Daga nan sai ya ɗaure sikeli da tukwane a bayan tsohon babur ɗinsa, ya nufi ƙauye. Haka muka taso muka gan shi, malamin gona mai gwada irin dankali a gonakin Gusau, Tsafe da Bungudu. A watan nan ya yi ritaya, ba ganga ba taro.

Aikin a baki ba wuya. Ya kawo iri daban-daban, manomi ya ba shi gefen gona, a dasa kowanne a kunyoyinsa, ranar haƙa a auna a ga wanda ya fi albarka. Wahalar tana wajen ɗanɗano, don mutanenmu akwai kara. Ka ba mutum dankali mai ruwa salam, ka tambaye shi, sai ya ce, "Wallahi Mallam, duk da daɗi." Mahaifiyata, Inna Kulu ta Nahuce, gwana ce a wannan fanni. Da Malam ya gane halinmu sai ya daina tambaya. Yakan dafa kowane iri a tukunyarsa, ya zuba a kwanoni, ya aika cikin gida wurin mata da yara, shi kuma ya zauna a zaure yana hira da maigida. Kwanon da ya dawo a suɗe shi ne zaɓin gidan. Wanda ya dawo da saura kuwa, ko ya cika rumbu Malam ba ya tallarsa.

Ta haka aka zaɓi wani mai jan ciki, mai gari, mai nuna da wuri, mata suka raɗa masa suna Ɗan Uwaisu. Akwai kuma wani ƙato fari da kullum kwanonsa ke dawowa kusan yadda ya tafi. Shi suka sa wa Sai Haƙuri.

Sai 'yan bindiga suka shigo mana. Haliru, wani manomi a ƙasar Tsafe, shi ke raya irin Ɗan Uwaisu a fadamarsa da rani. Dankali ba hatsi ba ne da za a ɓoye ƙwayarsa. Yaɗonsa ake yanka a dasa, in ya bushe iri ya tafi. A cikin wannan fadamar aka harbe Haliru, garin ya watse. Saude ta ce ta tare ƙofa da ta ga Malam yana jiƙa buhun da zai je ya ɗauko yaɗon a ciki. "In kat tahi, mi za ni ce ma ɗiyanka?" Ya ce, "Mutanen ga in sun zauna wani wuri, mi za su dasa?" Yari direba, wanda ya kai shi iyakar kwalta, ya ce ya roƙe shi har da hawaye, amma ya sauka ya shiga daji da ƙafa.

Kai ne, Malam, ka ratsa garin da ko kaza babu, ka durƙusa a inda jinin abokinka ya zuba, ka yanko abin da ya rage da ɗanye. Shi ne yanzu a jarkokin bayan gidanka. Ba ka taɓa ba mu labarin abin da ka gani a can ba, mu ma ba mu iya tambayarka ba.

Bara na raka shi Ruwan Bore, inda wasu da suka gudo suka sami aron 'yan filaye kusa da gari. Aka haƙa, aka auna, aka dafa, aka aika cikin gida. Ba mu gama gaisawa ba kwanoni suka fito. Duk a suɗe. Har na Sai Haƙuri, ko ɓawo ba a bari ba. Maigidan ya yi dariyar ƙarfin hali ya ce, "Mallam, yau kam kowane ya yi." Malam ya kalli kwanon, ya ce, "Wanga ba daɗi ba ne, yunwa ce." Ni dai na tashi na fita, don kuka ya ci ƙarfina. A ranar bai zaɓi kowane iri ba. Ya bar musu duk abin da aka haƙa, washegari ya dawo da dammunan yaɗo ya raba gida-gida.

Mun gode, Malam Uwaisu, uban iri. Allah ya saka, ya jiƙan Haliru. Ku kuma matasan malaman gona, ku koyi zama a zaure ku jira kwano. Duk wanda yaɗon nan ya kai gonarsa, ya yanka wa maƙwabcinsa kafin rani ya shigo.

Na tambayi Malam burinsa yanzu da ya ajiye aiki. Bai ɗago daga kan jarkokinsa ba. Ya ce, "Allah shi nuna man ranar da za ni aika kwano shi dawo da saura."