Wutsiyar da Kawu Ya Tokare

Ni dai tun da na yi wayo a kan gwiwa nake tafiya. Shan inna ya taɓa ni ina ɗan ƙarami, ƙafafun suka tsaya inda suke, sauran jikin ya ci gaba da girma abinsa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗauke ni ya ajiye a shagonsa na kafinta a Karaye, ya rage wa teburin aiki ƙafa don hannuna ya kai. Mu biyu ne a shagon nan shekara da shekaru. Ban yi aure ba, waɗanda muka taso tare kuma birni ya kwashe su, saboda haka in ka cire Kawu babu wanda nake hira da shi ta wuce gaisuwa.

Wani mutumin Rogo ne ya jawo mini wannan aikin. Ya zo karɓar ƙyaure, yana jira fenti ya sha iska, sai ya miƙo mini wayarsa yana dariya. Wasu mutane ne a teku, kowa a kan ɗan katako, igiyar ruwa tana gudu da su. Duk a tsaye suke in ban da ɗaya, wanda ya durƙusa.

"Ga ɗan'uwanka nan," in ji shi.

Lafiyar mutumin ƙalau, shi ya zaɓi durƙuson, kuma ya fi na tsayen gudu. Na roƙi mai wayar ya tura mini. Na kalli abin nan har na haddace shi, kuma a kallo na wajen nawa ne na lura da bayan katakon, wanda na sa wa suna wutsiya. Duk sanda mutumin zai juya, sai wutsiyar ta lanƙwashe ta bi ruwan, in ta miƙe kuma sai ta cilla shi gaba. Abin da nake so ba shi da yawa, kuma ban ɓoye wa kaina ba. So nake Kawu ya gan ni ina gudu, ko sau ɗaya ne.

Teku dai babu ita a Karaye, sai dam. Shi kuwa dam kwance yake lumui kamar ruwan randa, ba ya motsi sai hadari ya haɗo daga gabas, iskar da ke gaban ruwan sama ta koro igiya zuwa gaɓa. A lokacin ne masunta ke janye jiragensu kowa ya nufi gida. Wato lokacin da mai hankali ke fitowa shi ne lokacin shigata.

Katako na farko da na sassaƙa da maɗaci na yi shi, don shi hannuna ya saba da shi. Saura kaɗan ya kai ni ƙasan dam. Na biyu na yi da rimi, mara nauyi, na fafe gurbi biyu daidai gwiwoyina, na shafe shi da kwalta yadda masunta ke yi wa jirgi. Ya ɗauke ni kam, amma miƙe kawai ya sani, da na karkata sai ya zubar da ni. Masunta suka samu abin yi. Wani masunci ɗan ƙauyen Kurugu kullum sai ya tambaye ni ko makarata nake gwadawa tun da sauran rai. Nakan ce masa in na gama zan auna shi, kyauta.

A na ukun ne na yi abin da nake ganin shi ne daidai. Gaba rimi ne mai kauri. Bayan kuwa na haɗa shi da filawud siriri fale uku, kowane bai kai na ƙasansa tsawo ba, na shimfiɗa robar tayar babur a tsakani, har ƙarshen ya zama in ka danna da yatsa sai ya sunkuya ya dawo. Sati uku ina goge shi da hannu.

Shi kuwa Kawu, a duniyarsa abin da ke motsi ba a gama shi ba. Kujera ko gado, sai ya dafa ya girgiza kafin ya bar shi ya fita daga shago, in ya ji ko ɗan ƙis sai ya ƙara tokari. Da haka ya yi suna, kuma da haka ya koyar da ni. Duk sanda ya wuce ta wajen katakona sai ya danna wutsiyar da babban yatsa ya girgiza kai. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, har bidiyon na nuna masa. Ya ce, "To." Na san wannan "to" ɗin nasa, amma murnar ya yarda zai raka ni bakin dam ta sa ban tsaya a kanta ba.

Ran nan na tafi kasuwar Rogo neman kwalta, na wuni. Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi. Kawu da kansa ya ɗaure katakon a bayan kekena na guragu, da muka isa kuma shi ya tattare wando ya shiga ruwa ya ajiye mini shi. Na ji daɗin hakan ƙwarai, ban ko juya katakon na duba cikinsa ba. Masunta suna tsaye a gaɓa da tarunansu a kafaɗa, sun fasa tafiya.

Na tuƙa da hannu na shiga, na juyo, igiya ta ɗago ni. Na karkata dama ina jiran wutsiya ta bi. Ko gezau. Hancin ya nutse, na wuntsila, katakon ya dawo ya same ni a goshi. Ɗan Kurugun nan ne ya kamo ni ta wuyan riga ya jawo ni gaɓa, jini yana shiga mini ido, ina jin dariyar da ake ƙoƙarin dannewa. Katakon ya biyo ni a kife. A nan na ga sanduna biyu na maɗaci kwance a ƙarƙashin wutsiyar, an dasa su, an bi da ƙusa, an shafe da kwalta.

"Kawu, wa ya sa ka?"

"Gani na yi tana rawa, ɗan nan. Ya za a yi in bar ka ka hau ruwa a kan abin da ke rawa?"

Ina da zuciya, kowa ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ran nan. Na ce masa tun ina yaro yake tokare ni kamar tsohuwar kujera, abu ɗaya tak na yi da kaina a duniya shi ma bai bar mini ba. Na ce ya cire hannunsa daga kayana. A gaban masunta na faɗa, kuma babu wanda ya sake dariya. Kawu ya warware ƙafar wandonsa, ya tura mini keke har gida cikin ruwan sama.

Bayan kwana shida ya ce bayansa na damunsa, zai je wajen 'yarsa a Gwangwan ya huta. Ya ajiye mini makullin shago a kan tebur. Na san ba baya ba ne, shi ma ya san na sani, amma girman kai ya hana ni buɗe baki.

Shagon ya yi mini faɗi. Sai in yanka katako in ɗago kai in nemi wanda zai riƙe mini ɗaya gefen. Rediyonsa na nan a rataye, na kasa kunnawa. Wuni guda nakan yi ban ce komai ba in ban da amsa sallama. Da na zo cire sandunan nan kuwa, haushi ya sake kama ni, don aikin ya yi kyau fiye da kima. Ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakani, dole na yanke wutsiyar gaba ɗaya na sake wata.

Damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna, ana cewa saura ruwa ɗaya ko biyu. Wata Talata da azahar hadari ya taso. Na ja katakona ni kaɗai. Masunta sun riga sun watse, tun da na faɗi babu mai tsayawa kallona.

Igiya biyu suka wuce ni, ta uku ta ɗauke ni. Na karkata, sai na ji wutsiyar ta sunkuya a ƙarƙashin ƙafafun nan nawa marasa ƙarfi, ta miƙe, katakon ya zabura. Na bi gefen igiyar a karkace, iska na kaɗa mini kunne, ciyawar gaɓa na wucewa da saurin da ban taɓa gani da ƙarfin kaina ba. Bai fi a ƙirga goma ba. Na yi ihu kamar mahaukaci, na waiga gaɓa. Kekena ne kawai a tsaye, sai wasu shanu can nesa sun juya wa iska baya. Na sake hawa sau huɗu, kuma kowane hawa daɗinsa bai kai na wanda ya gabace shi ba.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Gwangwan. Na same shi a zaure yana gyara wa 'yarsa ƙafar turmi. Muka gaisa, ya gida, ya aiki, ya damina, kamar baƙi. Na ce na zo neman gafara. Ya ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan na ba shi labari, na kwatanta masa da hannu yadda wutsiyar ta yi. Ina jira ya yi gardama, ko ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ya daɗe yana kallon tabon goshina.

"Wa ya sa maka shi a ruwa?"

"Ni na sa."

"Da ka gama fa, wa ya fito da kai?"

"Ni na fito da kaina, Kawu. Babu kowa a wajen."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

"Ashe ka iya," ya ce. "To ka riƙe shagon, ɗan nan. Ni na zauna nan."