Garken Bappa Hamajoɗa

Duk wanda ya yi sakandaren nan ta Jimeta da ke kusa da bakin Binuwai, a zamanin Jihar Arewa maso Gabas, ya san Bappa Hamajoɗa mai sito. Dogo ne, siriri, kullum da sandarsa. Ɗan makiyaya ne daga wajen Girei. Ciwon shanu ya share garken ubansa a damina guda, ya shigo gari daga shi sai sandar nan, aka ba shi makullin sito. Alli, tsintsiya, bokiti, haka yake miƙa su ko kallo ba su ishe shi ba.

Sai a 1964 Malam Zadok, malamin lissafi mutumin Numan, ya sa aka sayo wa kulob ɗin makaranta darar Bature, wato chess, akwati takwas. Jirgin ruwa ya kawo su da cikar kogi. 'Ya'yan darar na katako ne, rabi farare, rabi launin ƙasa mai duhu, su ake kira baƙaƙe. Bappa ya ɗauki doki ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannu, ya daɗe bai ajiye ba.

"Bappa, a riƙa ƙirga su," in ji Zadok. "Talatin da biyu ne a kowane akwati."

"Malam, mu ba mu ƙirga dabba. Sani muke yi."

Ya kuwa san su. Ya san dokin da kunnensa ya gutsire, da sarkin da ke ɗan karkata, da sojan da ke da tabon tawada. Ya ɗora akwatunan kan duwatsu saboda gara, ya shimfiɗa musu ganyen darbejiya. In ɗalibi ya dawo da akwati, Bappa zai leƙa sau ɗaya ya ce, "Wannan doki ba na gidan nan ba ne, maida shi wajen 'yan'uwansa." Shi ya sa aka laƙaba musu garken Bappa, shi ko a jikinsa, daɗi ma yake ji.

Kowace Juma'a kuma sai ya shafe su da man shanu, yadda yake wa sandarsa don kada ta tsage. Ko ɗaya bai tsage ba. Amma man da gumin hannu suka yi ta shiga katako, fararen suka yi ta rinewa a hankali, ba mai lura, har suka koma kamar baƙaƙen. 'Yan makarantar sun saba, in sun rikice Bappa na bakin ƙofa.

Shekara goma ana haka, sai aka shirya gasa, ɗalibai suka zo tun daga Maiduguri da Bauchi. Aka buɗe akwatuna, ƙamshin man shanu ya cika ɗakin taro. Wani baƙo ya dubi allon darar ya ce, "To, wanne ne nawa?" Dariya ta ɓarke. Sabon shugaban makaranta ya ji kamar ya nutse. Kafin mako biyu an kawo na roba daga Kano, shugaban ya ce tsofaffin a kai kicin a hura wuta.

Bappa bai taɓa roƙon kowa komai ba a makarantar nan. Ranar ya cire takalmi a ƙofar ofis ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne, ba nasu ba. Na rasa garke sau ɗaya."

"Bappa, itace ne fa. Ba mai iya bambanta su."

Zadok, da ke tsaye, ya ce a gwada. Ya juye akwatuna takwas ɗin kan tabarma, ya cakuɗa su da hannu biyu. Bappa ya zauna ya tankwashe ƙafa. Ba ya ƙirga, ɗauka kawai yake yana ajiyewa, yana 'yar magana da su da Fillanci. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi kowane ɗan dara ya koma gidansa, fari gefe, baƙi gefe. Shugaban ya ce, "Kwashe su ka tafi da su."

A kura ya tura su har gidansa a unguwar Rumde, yana tafe yana dafe da akwatin sama. Na robar ya ci gaba da ajiye su da amana, amma bai taɓa sanin fuskar ko ɗaya ba.

Bayan ya yi ritaya, tsofaffin ɗalibai kan taru a ƙofar gidansa da la'asar, wasu da kayan ofis a jikinsu, su baza allo. Shi bai taɓa koyon wasan ba. Aikinsa ya zauna da sanda a cinya, in gardama ta tashi ya nuna da baki: "Wannan fari ne." Ba mai ɗaukaka ƙara. Mun yi kewar wannan zama, wallahi.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa, Zadok da wasu mutum uku suka buɗe akwati ɗaya don su yi wasa ko sau ɗaya ne saboda shi. Suka jera, suka duba, suka sake jerawa. Zadok ya ɗaga doki mai gutsurarren kunne, ya juya wajen da Bappa yake zama zai tambaya.

Sai ya mayar da shi cikin ganyen darbejiya, ya rufe akwatin.