Sabo Mai Dusar Ƙanƙara

Sabo bai taɓa wuce Zariya ba, amma duk dusar ƙanƙarar da ke Ƙauran Namoda daga hannunsa ta zubo.

Asalinsa mai rubuta allon shago ne. Wata bazara Ado mai zoɓo ya kawo masa tsohuwar kalanda mai hoton ƙasar Turawa, ya ce a zana masa irinsa, ko masu saye sa ji sanyi tun daga ƙofa. Sabo ya jiƙa takarda, ya bi ta da fentin ruwa, shuɗi-shuɗi, ga itatuwa tsirara. A wannan aiki ba a shafa fari. Takardar ake bari yadda take, ita ce dusar.

Ado ya duba ya ce, "Kai Sabo, rabin aikin ga ai mai takarda ya yi shi!" Amma ya rataye.

Shi ke nan an kama Sabo. Masu kunun aya, masu fura, har daga Shinkafi da Zurmi ake aiko direba. Shekara goma sha ɗaya yana zufa yana zana sanyi. In ya gwada raƙumi ko rijiya, sai a ce, "To ina ƙanƙarar?"

Mahaifiyarsa, Inna Kulsumu, tana ɗakin baya tun da hanyar gonarsu ta Banga ta daina biyuwa. Idonta na raguwa. Rannan ta ce, "Ka yi mini gonar babanka in gani, tun ina gani."

Sau uku yana gwadawa. Tsamiya ta fito, rumbu ya fito, amma da ya iso ƙasa sai hannu ya tsaya, ya bar fari fat. Matarsa Rahina ta leƙo ta ce, "Malam, Bangar ma ka kai ta Turai?"

Na huɗun ya miƙa wa Inna, kansa a sunkuye. Ta kai takardar dab da hanci, ta daɗe.

"Auduga!" in ji ta. "Shekarar da munka haihe ka ke nan. Wa ya gaya maka?"

Ta sa aka manna mata a saitin gado.

Da safe Ado ya yi sallama: ya buɗe sabon shago, yana son zanen ƙanƙara biyu. Sabo ya jawo gwangwanin fenti. Koren ya bushe har ya tsattsage, shuɗin kuwa saura kaɗan.